Kafin ka aika wa Baba na'urar gano kifi

Saƙonni biyu suka shigo a makon nan a kan abu ɗaya, shi ya sa na ajiye zancen da na yi niyya na ɗauko wannan. Na farko daga wani matashi ne da ke tsaron shago a Jidda. Mahaifinsa masunci ne a wani ƙauye da ke bakin tafkin Rusairis, kudu da Damazin. Ya ce a bara tsohon ya yi asarar raga har biyu, kullum kuma kuɗin mai na cinye rabin abin da aka kamo. Ya tara 'yan riyal ɗinsa, ya ga na'urar a wani shagon kayan su, allonta cike da kifaye suna ta wucewa, shi ne yake tambaya: idan ya saya ya aika, za ta rage wa Baba wahala? Na biyu wani Alhaji ne mai safarar kaya daga Dubai zuwa Bur Sudan, yana so ya jefa katan guda cikin kayansa ya gwada kasuwar Sinnar da Sinja da Damazin.

Bari in fara ba ku amsar a dunƙule, sannan mu warware ta. Na'urar tana aiki, babu damfara a ciki. Amma aikin da ta fi iyawa a irin ruwanmu shi ne ta faɗa maka zurfi, ta kuma nuna maka abin da ke kwance a ƙasan ruwa. Ganin kifi yana zuwa ne bayan wannan, kuma sai hannu ya faɗa. Wanda ya saya da wannan sanin zai mori kuɗinsa. Wanda kuwa ya ci bashi yana zaton ta san inda kifi yake kwana, to zai dawo yana zagin wanda ya sayar masa.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen duron mai ya san dabarar. Kana ƙwanƙwasa gefen duro, daga amon da ya dawo maka ka san inda mai ya tsaya. Haka mai sayen kankana yake yi. Na'urar nan, wadda Turawa ke kira sona, wannan ƙwanƙwasar take yi wa ruwa. Kashi biyu ce: akwai allo da ke gaban mai jirgi, akwai kuma wani ɗan abu kamar sabulu a ƙarshen doguwar waya, shi ake nutsawa a ruwa. Masu shago suna ce masa taransidusa, ni dai a nan zan riƙa ce masa kunne, ko da yake shi ne bakin, shi ne kuma kunnen. A cikinsa akwai wani ɗan faifai na tangaran na musamman. Idan aka ba shi wuta sai ya yi rawa ya tura sauti ƙasa. Idan sautin ya bugi wani abu ya dawo, sai ya girgiza faifan, girgizar ta koma wuta, na'urar ta karanta. Yana yin haka sau da yawa a daƙiƙa ɗaya.

Lissafin kuma ba ya wuce ɗan firamare. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, alhali a iska bai wuce mita 340 da 'yan kai ba. Wato a ruwa ya ninka fiye da sau huɗu. Idan zurfin wuri mita 15 ne, zuwa da dawowa mita 30 ke nan, sautin zai cinye shi a kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa. Na'urar tana auna wannan ɗan lokacin, ta raba biyu, ta rubuta maka 15 a kusurwar allo. Shi ke nan fa. Duk sauran zane-zane da launukan da ake gani, daga wannan awon suka fito: me ya dawo, bayan wane lokaci, da wane ƙarfi. Babu kyamara a ciki, shi ya sa ko ruwa ya yi ja wur da laka a damina, ko dare ya yi tsakiya, ita bai dame ta ba.

Asalin abin ma ba don kifi aka yi shi ba. Bayan jirgin Taitanik ya yi karo da dutsen ƙanƙara ya nutse a 1912, masana suka shiga neman hanyar gane abin da ke ɓoye a ruwa. Wani Bajamushe, Alexander Behm, ya yi rajistar dabarar auna zurfi da amsa-kuwwa a 1913. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma Paul Langevin na Faransa ya yi aiki a kai don farautar jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku. Sai a 1948 wasu 'yan'uwa biyu a yankin Nagasaki na Japan, masu kamfanin Furuno, suka fara sayar wa masunta irinta. Yau ga ta nan har da mai girman wayar hannu.

Yanzu ga wurin da nake so matashin Jidda ya karanta sau biyu. Sautin ba ya watsuwa ko'ina cikin kogi. Yana sauka ne kamar hasken tocila a ɗaki mai duhu: siriri a bakin tocilar, yana faɗaɗa yayin da yake nisa. Yawancin ƙananan na'urori suna da murya biyu. Akwai siririya, wadda ake rubuta wa 200 kHz, buɗewarta kusan digiri 20. Akwai mai kauri, 83 ko 77 kHz, ta fi buɗewa, a wasu na'urorin har digiri 60. Dukansu sun fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, wanda ba ya wuce 20 a wannan ma'auni. Da siririyar murya, faɗin da'irar da take dubawa a ƙasa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin wurin. A mita 30 tana duba fili mai faɗin mita 10. A mita 15, mita 5. A mita 3 kuwa, mita ɗaya tak, bai kai tsawon tabarmar sallah ba. Ita mai kauri tana iya duba faɗin da ya kai zurfin kansa, amma hotonta bai kai na siririyar fitowa ba.

To ina karfasa take zama, wadda Larabawa ke ce wa bulɗi, wadda kuma ita ce abincin kasuwa? Galibi a gefe-gefe, cikin ciyayi, inda ruwa bai da zurfi. A can na'urar tamkar mai leƙen ɗaki ta kafar makulli take, ga shi kuma jirgin da ke bisa kan kifin ya riga ya kore shi. Idan sana'ar Baba jefa birgi ce a bakin gaɓa, idonsa da sanin ruwansa sun fi na'urar nesa ba kusa ba, gara ka aika masa kuɗin sabuwar raga. Idan kuwa yana shiga tsakiyar tafki ya kafa kalli ko ya shimfiɗa mamari a ruwa mai zurfi, to zance ya canja.

Su ma kifayen ba ɗaya suke a wajenta ba. Naman kifi kusan ruwa ne, sauti na ratsa shi ba tare da ya dawo da yawa ba. Abin da ke tona asirinsa ita ce farar jakar iskar nan da matanmu ke cirewa wajen gyaran kifi. Sauti in ya tashi daga ruwa ya ci karo da iska, sai ya dawo da ƙarfi. Giwan ruwa, da ake ce wa ijil a nan, tana da babbar jaka, don haka tana fitowa ɓaro-ɓaro. Af, 'yan kasuwa su lura, busasshiyar jakar giwan ruwa kaya ce mai tsada da ake fitarwa daga ƙasashen tafkin Biktoriya zuwa Sin, amma wannan zancen wata rana ne. Garken kawara, wadda ake gishirtawa a yi fasikh, yana fitowa kamar gajimare ko curin auduga a tsakiyar allo. Tarwaɗa kuwa jakarta ƙarama ce, ƙashi ya lulluɓe ta, ga ta da son kwanciya a kan laka. Duk abin da ya manne da ƙasa, amonsa na haɗewa da na ƙasar, sai ka wuce ta kanta ba ka sani ba. Kuma kada wani ya ce maka na'urar na faɗin sunan kifi. Masunci ne ke haɗa zurfi da wuri da lokaci ya ce wannan ragon ruwa ne, wancan kurungu.

Karatun allon shi ne inda mutane suka fi ruɗewa. Allon ba taswira ba ne, tarihi ne. Abin da ke ƙarƙashin jirginka a yanzu yana can a gefen dama, siririn layi ɗaya. Duk abin da ya matsa hagu ya riga ya wuce. Mutum zai ga kifi a hagun allo ya juya ya jefa raga hagun jirgi, alhali kifin yana can baya inda aka baro. Idan jirgi na tafiya a hankali ya bi ta kan kifi, sai ya fito kamar jinjirin wata a kife. Dalili kuwa, lokacin da kifin ya shigo gefen da'irar yana da ɗan nisa da kunne, da ya zo tsakiya ya matso, da zai fita ya sake nisa. Tsawon wannan baka ba shi ne tsawon kifi ba, yana nuna daɗewar da ya yi a cikin da'irar ne kawai. Ƙaramin kifi da ya tsaya ƙarƙashin jirgin da ke tsaye zai ja layi daga wannan gefen allo zuwa wancan. Kaurin bakan da zafin launinsa su ake dubawa don a kintaci girma.

Akwai wani saiti da ke mayar da kowane amo ya zama ɗan hoton kifi, har da ƙararrawa. Shi ne ke burge mai saye, shi ne kuma babban maƙaryaci. Reshen itace, leda, kumfa, ciyawa mai yawo, duk sai ya zana musu kifi. Shawarata a kashe shi tun ranar farko a koyi karanta amon yadda ya zo. Sannan abin da matashinmu ya gani a shagon Jidda, na'urar tana kan kanta babu ruwa kusa amma kifaye na wucewa, wannan wasan gwaji ne da kamfani ya saka a ciki don talla da koyo. Idan ba a kashe shi ba, Baba zai iya wuni a tafki yana kallon kifin da babu shi.

Ni kaina na sha kunya a kan wannan na'ura. Shekarun baya na kai wa kawuna ɗaya a Mai Wurno, ina ta cika baki. Jirginsa na katakon bagaruwa ne, irin wanda ake ce wa sunuɗ. Don tsoron kada kunnen ya bugi dutse, sai na manna shi a cikin jirgin, a kan katako. Muka fita, allo ya ƙi nuna komai sai lambobi masu tsalle. Na riga na yanke cewa mai shagon ya cuce ni. Ashe katako cike yake da 'yan ramukan iska, sauti ba ya ratsa shi. Wannan dabarar ta mannawa a ciki a jirgin faiba zalla take ci. Washegari muka ɗaure kunnen a jikin sanda, muka ɗaure sandar a gefen jirgi, kunnen ya nutse ƙasa da cikin jirgin kamar tafin hannu. Nan take ƙasa ta fito. Kawu bai ce komai ba sai da muka kai wani gurbi da ya sani tun yana yaro.

"Kai yaro, abin naka nawa ya ce a nan?"

"Kawu, ya ce mita 9."

"Ni ban san mita ba."

Ya ɗauko igiyarsa mai dutse ya saka, ya jawo yana aunawa da hannuwa a buɗe. Gaba biyar. Gaba ɗaya ta babban mutum kusan mita 1.8 ce, sau biyar mita 9 ke nan cif. Ya dubi allon ya ce, "To, ba ya ƙarya." Daga ranar ya yarda da shi a kan zurfi. A kan kifi kuwa har yau gardama suke.

Wannan sandar ita nake ba kowa shawara, ko jirgin katako ne ko na ƙarfe. Da yamma ka kwance ka tafi da kayanka gida, ɓarawo bai gani ba. Sharaɗi dai fuskar kunnen ta kalli ƙasa sak, kada ta karkace, kuma a nisanta shi da farfelar inji da duk inda kumfa ke bi, don kumfa iska ce, tana toshe shi. In za a ja jirgi kan yashi a ɗaga sandar tukuna. Wayarsa kuma kada a yanke a yi mata ɗori irin na wayar rediyo, ruwa na shiga ta lalace.

Mu dawo kan ƙasan ruwa, inda na ce ribar take. Ka jefi bango da dutse ka ji amo, ka jefi buhun audugar Jazira ka ji shiru. Haka abin yake a ruwa. Dutse da tsakuwa da yashi mai tauri suna dawo da sauti da ƙarfi, sai layin ƙasa ya fito da kauri da launi mai zafi, wani lokaci har ka ga layi na biyu a ninkin zurfin, saboda sautin ya bugi ƙasa ya bugi saman ruwa ya sake komawa. Laka mai taushi tana shanye sautin, layinta ya fito a raunane. Itacen da ruwa ya cinye yana tashi daga ƙasa kamar tsintsiya a tsaye, kuma ba ya motsi in ka sake bi ta kansa, da haka ake bambanta shi da garken kifi.

Me ya sa wannan ya fi shafarmu a Nil Azrak? Domin ruwan da iyayenmu ke su a ciki ruwan madatsa ne, kuma ƙasansa ba ya zama yadda aka san shi. Lokacin da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka sauka a wannan gaɓa bayan yaƙin Burmi na 1903, kogi ne mai gudu a gabansu. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 don shayar da gonakin Jazira, sai ruwan gaban garin ya zama tafki. Tun daga nan lakar da kogin ke kwasowa daga tsaunukan Habasha take kwanciya a ciki shekara bayan shekara, har ta cinye kaso mai yawa na cikinsa. Madatsar Rusairis kuma an gama ta a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 aka buɗe a farkon 2013. Ƙarin ya sa ruwa ya haye gonaki da dazuzzuka da tsofaffin matsugunai, aka tashi ƙauyuka. Abin da ke tsaye a wurin bai tafi ko'ina ba, yana nan a ƙasa yana jiran raga. Sannan ga madatsar Nahda ta Habasha, kusa da iyakarmu, wadda aka fara tara wa ruwa a 2020. Tana tare yawancin lakar, ta kuma sauya lokacin hawa da saukar kogin. Ruwan da ya rabu da lakarsa kuwa yakan ci gaɓa da ƙasan kogi, ya kwashe tudun yashi daga nan ya kai can.

Ma'ana, taswirar da ke cikin kan dattijo, wadda ya gada ya kuma ƙara da nasa, ta fara saɓawa da abin da ke ƙasa. Ba ƙwarewarsa ce ta ragu ba, ruwan ne aka canja masa. A nan na'urar take biyan kuɗinta. Kafin a saki kalli, a bi layin a hankali sau ɗaya. In akwai kututture, an gan shi, a matsa. Raga ɗaya da ta tsira ta rage bashi. Haka nan gano bakin tsohon kwarin kogi, inda ƙasa ke gangarawa farat ɗaya daga mita 5 zuwa 15. Manyan kifaye na son irin wannan gefen, suna kuma raɓar itatuwan da ke yaga ragar, don haka mai mamari zai shimfiɗa kusa da su ba a kansu ba. A ruwa mai zurfi da ya daɗe a kwance lokacin zafi, wani lokaci za ka ga siririn hazo ya ratsa allo a zurfi ɗaya. Iyaka ce tsakanin ruwan sama mai ɗumi da na ƙasa mai sanyi, kuma sau da yawa na ƙasan ba shi da isasshiyar iskar shaƙa, sai kifi ya taru a samansa. Wanda ya sauke ƙugiyoyinsa ƙasa da wannan layin ya ciyar da koto a banza.

Sarrafa ta ba wuya. A fara da mayar da ma'auni zuwa mita, don da yawa suna zuwa a kan ƙafa irin ta Amurka, sai mutum ya ga 30 ya zaci rami ne alhali mita 9 ce. Wasu ma suna da ma'aunin fatom, wanda shi ne gabarmu sak, ƙafa shida. Satin farko a bar komai a otomatik. Bayan nan a nemo saitin ƙarfin ji. A ɗaga shi har allo ya cika da ɗige-ɗige, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ya kusa washewa, a tsaya nan. In an rage da yawa allo zai yi fes, kyakkyawa, amma an share kifin tare da dattin. A damina, lokacin da ruwa ke ɗauke da laka da shara, sai an ƙara ragewa, kuma murya mai kauri ta fi jurewa. Gudun jirgi kada ya wuce na mai sauri da ƙafa in ana neman kifi. Idan su ake a kusa da ƙasa, akwai saitin da ke faɗaɗa 'yan mitocin ƙarshe su cika allo, yana taimakawa ƙwarai wajen raba kifi da laka. Zafin ruwan da take rubutawa kuwa na saman ruwa ne kawai, inda kunnen yake.

Wuta bolt 12 take ci. Ƙaramar na'ura ba ta shan rabin amfiya, don haka ɗan batirin nan mai lamba 7Ah, irin na babur ko na fitilar caji, zai kai ta wuni guda, faifan sola ƙarami kuma ya cika shi. A ba ta batirinta daban, don in an haɗa da na inji yakan jawo layuka a allo. A sa fis a jar waya kamar yadda takardarta ta ce, kuma a kula kada a juya ja da baƙa. Batiri a cikin robar da ke rufuwa. Fuskar kunne a riƙa wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, gansakuka da maiƙon inji na rage mata ji.

Akwai abin da ba na fasaha ba wanda dole in faɗa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, shingayen bincike sun yi yawa a hanyoyinmu, kuma madatsun ruwa wurare ne na tsaro. Na'ura mai allo da waya, balle mai GPS da ke ajiye alamar wurare, tana iya jawo wa bawan Allah tambayoyin da bai shirya musu ba. Duk wanda zai ɗauko ta ya bar ta a kwalinta mai hoton kifi, da rasit, da takardar bayani. Shi kuma Baba, kafin ya fara fita da ita, ya nuna wa shugaban masuntan wurin da jami'an da ke kula da gaɓar, kuma ya nisanci jikin madatsa. GPS ɗin na da amfani sosai, da shi za ka sa wa kowane kututture alama ka kuma koma gurbin jiya ba tare da ƙona mai ba, amma kowa ya auna yanayin garinsu.

Wani dattijo ya taɓa ce mini tsoronsa shi ne ranar da kowane jirgi zai san ramukan da manyan kifaye ke fakewa. Ban raina maganarsa ba. Iyayen kifi a can suke tsira, in aka kwashe su babu na'urar da za ta nuna abin da babu. Amma a ganina raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi ta fi wannan na'ura ɓarna, kuma ita ce ya kamata sarakunan ruwa su fara sa wa ido.

To, ɗan'uwa na Jidda, ka kira Baba ka tambaye shi abu biyu: a gaba nawa yake su, kuma me ke cinye masa raga. In ya ce gaba uku zuwa sama, kuma itace ne, saya. Ba sai babba ba. Irin su Garmin Striker 4, mai ɗan allo da GPS, dala ɗari da 'yan kai ake sayar da ita a Amurka, kuma Lowrance da Humminbird duk suna da ƙanana irinta. Ka guji 'yan mitsi-mitsin nan masu nuna hoton kifi da ƙara kawai ba tare da zanen ƙasa ba, don abin da ka fi buƙata shi ne ba su da shi. Masu kama da ƙwallo da ake jefawa su haɗu da wayar hannu an yi su ne don mai fatsa a bakin gaɓa, kuma waya a jirgin su ba ta daɗewa. Ka haɗa da batiri da caja, ka kuma tabbata akwai wani ƙanenka a gida da zai zauna da Baba satin farko yana latsa masa, su fara da wurin da ya riga ya sani, da igiyarsa mai dutse a hannu.

Alhaji kuma, Allah ya ƙara buɗi, ni da kai ne ba zan fara da katan ba. Kaya ne da ba ya sayar da kansa a kan kanta, sai an ga aikinsa a ruwa, kuma masu kuɗin sayensa a yanzu ba su da yawa. Ka ɗauko uku ko huɗu, ka ba masu shiga tsakiyar tafki a Rusairis, ko dillalan kifi masu jirage da yawa waɗanda ke aika kaya Wad Madani da kasuwar Maurada ta Umdurman, su gwada kaka guda. Kowace na'ura ka haɗa ta da kunne na biyu, domin shi ne ke fara mutuwa, kuma kunnen wani kamfani ba ya shiga na wani. In ya fashe a Damazin babu na canji, allon ya zama abin wasan yara, sunanka kuma shi za a riƙa kira. Sauran tambayoyin da suka shigo a kan injin jirgi da gaurayen mai, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.